Gajeriyar Ƙofa

A Yazd, a lungun maƙeran tagulla,
akwai wata ƙofa da ba ta kai kafaɗata ba.
Ran da na fara zuwa, ƙirji na tura gaba,
katakon sama ya gaishe ni a goshi.
Tsofaffi suka yi dariya ƙasa-ƙasa.
Yadullah ya ce, "Ba kuskuren magini ba ne, Kamyar.
Nan ko giwa ce ta zo, sai ta rusuna."

Ni kuwa damtse ya kawo ni.
So nake riga ta matse ni,
in ratsa kasuwa da farantin gurasa a ka
'yan mata su manta da canjinsu.

Sai aka miƙo mini tsintsiya.

Wata uku ina share ramin motsa jiki,
kusurwa takwas, ina ƙirga su da haushi,
ga kulake jere jikin bango
kamar taɓaren da aka sassaƙa wa ƙattai,
ba wanda ya ce in taɓa.

Ran da aka bar ni na sauka,
na shafi ƙasa, na kai yatsu leɓe, yadda kowa ke yi.
Mai ganga na can sama kusa da ƙararrawa,
numfashin mutum ashirin na tafin hannunsa.
Na zaɓi kulki mafi nauyi don a gani.
Juyi bakwai, kafaɗa ta ce ba da ita ba.
Yadullah, saba'in da ɗoriya,
da 'yan kulakensa da gumi ya cinye wa fenti,
ya yi ɗari uku yana bin kiɗa,
ko kallona bai yi ba.
Rashin kallon ya fi kafaɗar ciwo.

Da aka tashi, ƙwayar sukari a haƙori, shayi na bi ta kai,
ya ce, "Icen nan bai san sunanka ba.
Ka zo, kar ka zo, gobe nauyinsa ɗaya.
Kai ne mai sauyawa."

Shekara huɗu, kullum kafin a hura tanderu.
Akwai asubar da bargo ya fi ni hujja,
na tashi ba don na ci gardamar ba.
Akwai watan da ban ƙaru da komai ba
sai kanta a tafin hannu.
Damtsen ya zo, ban ma san ranar ba.
Riga ta matse, na sayi mai faɗi.

Sanyin bara Yadullah ya faɗi a maƙera,
ɓarinsa na dama ya tafi ya bar shi.
Ɗakinsa na sama, matakala ashirin da uku,
kowace da irin karkatarta.
Duk Alhamis nakan goyo shi.

Bai fi buhun gari ba yanzu,
buhu nawa na sauke daga mota ina fito?
Amma buhu ba ya jin kunyar a ɗauke shi.
Buhu ba ya cewa "ka gafarce ni" da rabin harshe.
Sai na koyi tafiyar da ba ta nuna akwai kaya,
na koyi ɓoye haki a cikin hira,
farashin rumman, wa ya yi aure, wa ya karye.
Hannunsa na hagu na buga mini kiɗa a kafaɗa,
wadda ta taɓa cewa ba da ita ba.

Mu bi lungu, hasumiyoyin iska na kallonmu,
har bakin ƙofar nan.
Dā kaina kawai nake sunkuyarwa.
Yanzu sai gwiwa ta kusa taɓa ƙasa,
cinyoyi na rawa, ina shiga taku-taku,
don kan da ke sama da nawa
ba nawa ba ne.